Kana Son Kujerar Majalisar Jiha? Ga Yadda Ake Bin Hanyar Tun Daga Gunduma Har Zauren Majalisa

Duk sanda kakar zaɓe ta matso sai ka ga fastoci sun cika bango, kowa ya sha babbar riga ya karya hula, a ƙasa an rubuta onarabul wane mai jiran gado. Da yawansu wallahi ko sunan ciyaman ɗin jam'iyya na gundumarsu ba su sani ba, abokai ne kawai suka zuga su a majalisar shayi aka ce ai kai ka dace, shi kenan sai a tafi wajen mai buga fasta. To ɗan'uwa in da gaske kake kana son wannan kujera, zauna mu yi maganar a tsanake, don kujerar ɗan majalisar jiha ita ce mafi kusa da talaka a cikin manyan kujeru, kuma ita ce wadda ake rasawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, takarda ɗaya da ba a cike daidai ba, ko ejan ɗaya da ya tafi cin abinci lokacin ƙirga.

Fara da sanin kujerar kanta. Tsarin mulkin 1999 ya ce kowace majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba kuma ba za ta wuce 40 ba. Kano 40 gare ta kamar Legas, Kaduna da Katsina 34 kowacce, Jigawa da Sakkwato 30, su Zamfara da Kebbi da Yobe da Gombe 24. Tunda Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta kujeru kuma 40, dole aka haɗa wasu biyu-biyu, irin su Kura da Garun Malam, Bagwai da Shanono, Rimin Gado da Tofa. A wasu jihohin kuma akasin haka ne, ƙaramar hukuma ɗaya ce ake rabawa gida biyu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don in mazaɓarka haɗaka ce to akwai maganar karɓa-karɓa a ƙasa ko da babu ita a rubuce, kuma in ba zagayen ɓangarenku ba ne sai ka yi aiki ninki biyu.

Sharuɗɗan doka ba su da yawa. Ka zama ɗan Najeriya, ka kai shekara 25 (da 30 ne, sai a ƙarshen watan Mayun 2018 Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun), kana da aƙalla shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta, sannan kana cikin jam'iyya kuma ita ta tsayar da kai, don har zaɓen 2023 babu takarar indifenda a ƙasar nan. Ragin shekarun nan ya yi aiki, a 2023 Rukayat Shittu ta ci kujera a Kwara tana da shekara 26, saboda haka 'yar'uwa ke ma maganar nan da ke ake, duk inda na ce kai ki ɗauka har da ke.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne sashe na 107 na tsarin mulki, wato abubuwan da ke hana mutum tsayawa. In ma'aikacin gwamnati ne kai, malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya ko na sakatariya, dole ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe, kuma ka tabbata kana da kwafin takardar ajiye aikin da hatimin ofishin da kwanan wata a jiki, sannan ka bi ka tabbata an tsayar da albashin, don in alat ya ci gaba da shigowa abokin hamayyarka zai kwaso takardar banki ya kai kotu. Masu muƙamin siyasa kuma irin su SA (masu ba da shawara ko taimako na musamman) da kwamishina, dokar zaɓe ta 2022 cewa ta yi su sauka tun kafin zaɓen fidda gwani. Sai maganar takardun makaranta. Kar ka kuskura ka ƙara abin da ba ka da shi. Sakandare kawai doka ta nema, amma sai ka ga mutum yana da sakandarensa mai kyau ya je ya liƙa wata difloma ta bogi don a ce shi ma ya yi karatu, ƙarshe ita za ta cinye shi. Haka bambancin suna, a firamare kai Sani Musa ne, a WAEC Muhammad Sani Musa, a katin zaɓe kuma an ƙara sunan gari, duk wannan ka gyara shi tun yanzu ta hanyar da doka ta yarda, tun kafin ka cike fom ɗin rantsuwa na INEC, don da zarar an kafe shi kowa na da damar dubawa.

Yanzu sai gunduma, wato yankin da kansila ke wakilta. Nan ne gidan siyasar. Ka je ka yanki katin jam'iyya a gundumarka ta asali inda katin zaɓenka yake, ka ga sunanka da idonka a rajista, don jam'iyya na miƙa wa INEC rajistar mambobinta kafin fidda gwani kuma in babu sunanka a ciki to kai baƙo ne komai yawan kuɗin da ka kashe. Bayan nan sai zama da mutane, kuma gaskiya wannan ba aikin wata shida ba ne, shekara biyu zuwa uku ma ba su yi yawa ba. Ka san ciyaman, ka san sakatare, shugabar mata, shugaban matasa, da dattawan nan da ba su riƙe da muƙamin komai amma in suka ce a'a to a'a ce. Ka je jana'iza, ka je suna, ka je ɗaurin aure, ka je dubiya, kuma ka je tun ba a san kana neman komai ba, don mutanenmu na gane gaisuwar mai neman ƙuri'a tun daga sallamarsa. In a Abuja ko Kaduna kake zaune sai da Sallah ake ganinka, to za a karɓi kuɗinka da hannu biyu a yi maka addu'a, ranar zaɓe kuma a yi wanda ake gani kullum a masallaci.

Maganar ubangida kuwa ba zan yi maka ƙarya ba. A yawancin jihohi tikitin majalisar jiha ba ya fita sai gwamna ko jagoran jam'iyya ya ɗaga kai, a ƙasansa kuma akwai sanata, ɗan majalisar tarayya, ciyaman na ƙaramar hukuma, kowa da ɗan takararsa a aljihu. Ba laifi ba ne ka sami gidan da kake, kusan kowa da gidansa, amma ka zaɓi gidan da idonka a buɗe. Ka tambayi kanka mutum nawa wannan jagoran ya taɓa ɗagawa suka yi gaba, nawa kuma ya yi amfani da su ya watsar. Kuma kar ka shiga rigimar manya da ba ka san asalinta ba, su za su shirya a falo cikin dare ɗaya kai kuma a bar ka da gabar da ka ɗauko a Facebook. Ni a ganina wanda ya fi tsira shi ne wanda ubangida ke buƙatarsa saboda yana da jama'a a ƙasa, irin wannan ko an so a canza shi sai an yi tunani sau biyu.

Kuɗi. A 2022 fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, a PDP dubu 600, da rangwame ga mata da matasa da masu buƙata ta musamman, kuma kowane zagaye farashin na canzawa. Amma fom shi ne mafi arha a cikin lamarin. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce ɗan takarar majalisar jiha kar ya kashe sama da miliyan 30, kowa kuma ya san yadda ake yi da wannan iyakar. Abin da zan ce maka kawai, ka ware abin da in ya tafi ba za ka kwanta asibiti ba. Kar ka sayar da gidan da iyalinka ke ciki, kar ka taɓa gonar gado da ba kai kaɗai ke da ita ba, kar ka ci bashi da ruwa kana lissafin in na ci zan biya. Sannan ka raba kuɗin kashi uku, na fidda gwani, na babban zaɓe, da na lauya, wannan na ukun kusan kowa mantawa yake da shi sai an kai shi kotu ya fara kiran 'yan'uwa.

Zaɓen fidda gwani shi ne ainihin yaƙin, musamman in jam'iyyarka ce ke da ƙarfi a yankin. A zagayen 2023 hanya uku doka ta ba jam'iyyu, 'yar tinƙe inda duk mai katin jam'iyya zai yi zaɓe, ko ta daliget, wato wakilan da ake fitarwa daga gundumomi su yi zaɓen, ko kuma maslaha. Dokar zaɓe ana yi mata gyara kusan kowane zagaye, saboda haka ka sa lauyanka ya zauna da kai ku karanta wadda ke aiki a shekarar da za ka tsaya tare da ƙa'idojin jam'iyyarka, kar ka dogara da abin da aka yi wancan karon. In daliget ne, a 2022 APC biyar-biyar ta fitar a kowace gunduma PDP kuma uku-uku, ka ga in gunduma 10 gare ka to mutum 50 ne ko 30 ke riƙe da makomarka. Sirrin shi ne ba ranar fidda gwani ake cin daliget ba, ranar da ake zaɓen su daliget ɗin ake ci, wanda ya sa mutanensa a jerin tun farko ya gama rabin aiki, kai kuma da ka zo daga baya kana rabon shadda da kuɗin mota sai su karɓa su rantse maka, su karɓi na wancan ma su rantse masa. Daliget in ya ce maka "ranka ya daɗe an gama" to ka ƙirga shi rabi.

In kuma maslaha aka ce, ka sani dokar 2022 ta ce sai duk 'yan takarar da aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye sun yarda da mutum ɗaya. In kai aka ɗauka, ka bi ka tabbata kowa ya sa hannun nan kuma kana da kwafi, kar ka yarda da an yi magana a gidan gwamnati kowa ya amince. In kai aka ce ka janye, kar ka yi saurin fushi kuma kar ka yi saurin sa hannu, ka nemi a faɗa maka a gaban shaidu me aka tanadar maka da mutanenka. Wanda ya janye da mutunci sau da yawa shi ake tunawa a zagaye na gaba, wanda ya fita yana zagi a rediyo kuma sai ya sake farawa daga sifili a wata jam'iyyar.

Ga wani abu da nake so ka riƙe da kyau, don a nan ne mutanen da suka ci zaɓe da ƙuri'a halal suka rasa kujera. A 2019 APC ta lashe komai a Zamfara, gwamna da 'yan majalisar tarayya da na jiha, sai ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, duk ƙuri'unta sun tashi a banza, aka miƙa wa PDP kusan duk kujerun. Mutanen da suka sha rana suna kamfe suka wayi gari ba su da komai saboda rigimar da shugabanninsu suka yi a sama. A Filato kuma bayan zaɓen 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta cire 'yan majalisar jiha 16 na PDP a kan maganar shugabancin jam'iyya, daga baya a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da Gwamna Mutfwang kujerarsa a kan kusan magana iri ɗaya, amma su 'yan majalisar ba su da inda za su, saboda shari'ar zaɓen ɗan majalisa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Darasin a nan, kafin ka sayi fom ka duba lafiyar jam'iyyar a jiharka. Shugabanci ɗaya ne ko biyu? Akwai umarnin kotu da ba a bi ba? An sanar da INEC ranar fidda gwani a kan lokaci, jami'anta sun zo sun sa ido sun rubuta rahoto? Ka karɓi kwafin sakamakon da na rahoton ka adana. Kuma in kai aka yi wa fashin tikiti, kwana 14 kacal gare ka ka shigar da ƙara, in ka tsaya jiran dattawa su sasanta har suka wuce to ta wuce.

Kamfe ba sai na koya maka da yawa ba, kowa ya san waƙa da gangami da sojojin baka a rediyo. Abu biyu kawai. Na ɗaya, a takardar ƙuri'a babu sunanka babu hotonka, alamar jam'iyya ce kawai, kuma a yawancin jihohi rana ɗaya ake zaɓenku da na gwamna, a 2023 ranar 18 ga Maris aka yi. Ma'ana guguwar ɗan takarar gwamna na iya ɗaukarka ta kai ka, tana kuma iya binne ka, yadda guguwar NNPP ta kwashe mafi yawan kujerun majalisar Kano a shekarar. In jam'iyyarka ce ke da iska sai ka yi ta kiran sak, in kuma ba ita ba ce to aikinka ya ƙaru, dole ka bi gida-gida kana koya wa mutane musamman mata da tsofaffi yadda za su bambanta takardun biyu su yi cancanta. Na biyu, mata. Su ne ke fitowa da sassafe su yi layi su jure rana, matasan da ke maka ihu a bayan mota da yawansu ko katin zaɓe ba su karɓa ba. Ka samu mata masu shiga gida-gida a kowace unguwa, waɗanda ake jin maganarsu a gidan biki da islamiyya. 'Yan jagaliya kuma ka yi nesa da ba su makami ko ƙwaya, wanda ka ba wuƙa yau don ya tare maka akwati ƙofar gidanka zai fara zuwa ranar da ka daina ɗaga waya.

Ranar zaɓe duk abin da ka yi shekara uku kana ginawa yana hannun ejan-ejan ɗinka. Kujerar majalisa da rinjaye kawai ake cinta, ko da ƙuri'a ɗaya ce, babu maganar kashi ɗaya cikin huɗu a wurare kaza irin na gwamna. Saboda haka kowace rumfa ka sa mutumin da ya iya karatu da lissafi, ɗan unguwar, wanda ba a saya da kuɗin kati, ka kai masa abincinsa da ruwansa da abin cajin waya har inda yake don kar ya motsa. Ka koya masa ya duba adadin da na'urar tantance masu zaɓe, wato BVAS, ta tantance, don in ƙuri'un da aka kaɗa suka fi waɗanda aka tantance soke rumfar ake yi, kuma wani lokacin abokan hamayya da gangan suke cusa ƙuri'a a rumfar da ka fi ƙarfi don a soke ta. Ya tsaya a ƙirga a gabansa, a rubuta a fom ɗin sakamakon rumfa, wato EC8A, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto ya turo. Daga nan a raka sakamakon zuwa wajen tattarawa na gunduma, daga can zuwa na mazaɓa, kuma a nan ne ake buƙatar manyan mutanenka masu ido da baki, don tsakar dare ake sauya lissafi lokacin da magoya baya suka tafi murna. In soke-soke suka yi yawa har yawan masu katin zaɓe a wuraren da aka soke ya fi tazarar da ke tsakaninku, sai a ce inkwankulusib a sake zaɓe a wuraren, kuma wannan zagayen ya fi na farko tsada da haɗari. In an kayar da kai kuma kana da hujja, kwana 21 gare ka daga ranar da aka bayyana sakamako ka kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, ita kuma kwana 180 gare ta, ɗaukaka ƙara kwana 60. Kwafin EC8A ɗin nan su ne shaidarka, in babu su lauya kuɗinka kawai zai ci.

To a ce Allah ya ba ka. Ka karɓi takardar shaidar cin zaɓe daga INEC, ka cike fom ɗin bayyana kadarori na hukumar ɗa'ar ma'aikata kafin rantsuwa, kuma ka cike shi da gaskiya, in kana da asusun banki a ƙasar waje ka rufe don doka ta hana ɗan majalisa riƙe shi. Gwamna ne ke fitar da sanarwar zaman farko, akawun majalisa ya jagoranta, a zaɓi kakaki da mataimaki. Ka kasance a gari kuma wayarka a kunne a kwanakin nan, a Edo a 2019 da daddare aka rantsar da wasu tsiraru, zaɓaɓɓu 14 kuma har wa'adin ya ƙare ba su zauna a kujerunsu ba. Zaɓen kakaki shi ne jarrabawarka ta farko, ɓangaren da ka bi shi zai nuna kwamitin da za a ba ka, kuma kwamiti irin na kasafin kuɗi ko ayyuka ko ƙananan hukumomi ba ɗaya yake da wanda ko ofis ba shi da shi ba.

Makon farko ka nemi littafin ƙa'idojin majalisa ka karanta shi kamar za a yi maka jarrabawa, ka kuma yi abota da ma'aikatan majalisa, akawu da sakatarorin kwamitoci da masu tsara doka, su sun ga 'yan majalisa sun zo sun tafi kuma sun san inda komai yake. Ka bambanta ƙudurin jan hankali da ƙudurin doka. Na farko kira ne ga gwamnati, gadar garinku ta karye ko ambaliya ta ci gonaki, za ka tashi ka gabatar wani ya mara maka baya a amince, amma gwamnati na iya yi tana iya ƙi. Ƙudurin doka kuma sai ya bi karatu na ɗaya, na biyu inda ake muhawara, ya je kwamiti, wani lokacin a ji ra'ayin jama'a, ya dawo karatu na uku, sannan a kai wa gwamna, shi kuma kwana 30 gare shi ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi majalisa na iya tabbatar da shi da kashi biyu cikin uku. Kafin ka kawo ƙuduri ka tabbata abin na hurumin jiha ne, ba za ka yi doka a kan soja ko kwastan ko kuɗin ƙasa ba, amma ilimi da lafiya da noma da filaye da kasuwanni da masarautu duk kuna da hannu, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi sun samu damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. In Turanci na ba ka wahala kar ka zama kurma a zaure saboda shi, sashe na 97 ya yarda majalisa ta yi aiki da harshen jiharta in ta amince da hakan, majalisar Legas ma na yin zama da Yarbanci.

Inda ɗan majalisa mai wayo ke cin riba shi ne kasafin kuɗi. Ihun da za ka yi a zaure a kan hanyar garinku bai kai layi ɗaya da aka rubuta mata a kasafi ba, kuma layin ma bai isa ba sai ka bi an saki kuɗin. Saboda haka tun kafin gwamna ya kawo kasafi ka riga ka zaga ma'aikatu, ka zauna da kwamishina da babban sakatare da daraktan tsare-tsare, ka shigar da abu biyu ko uku da ka san in an yi su mutanenka za su gani da ido.

Tsakaninka da gwamna kuwa sai ka iya taka-tsantsan. A takarda majalisa na da ƙarfi sosai, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke amincewa da kasafi da cin bashi, tana iya kiran kowane jami'i ta bincike shi, tana iya tsige gwamna, majalisar Kaduna ta yi wa Balarabe Musa haka a Yunin 1981 bayan ta daɗe tana ƙin amincewa da kwamishinoninsa. A aikace kuma yawancin majalisu abin da gidan gwamnati ke so shi suke yi. Duba Kano, majalisa ce ta yi dokar ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, majalisa ce kuma ta soke dokar a Mayun 2024 da gwamnati ta canza hannu. Ranar irin wannan ƙuri'ar za ta zo maka, kuma gwamna zai gama wa'adinsa ya tafi kai kuma a garin za ka ci gaba da zama da hannun da ka ɗaga. Ka kuma tuna ba ka da rigar kariya, ta shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu ce kawai.

Ƙofar gida ita ce ke cinye 'yan majalisa. Daga ranar da aka rantsar da kai, asuba za ta yi maka da layi, mai takardar asibiti, mai kuɗin makaranta, mai haihuwa, mai neman aiki, mai aurar da 'ya, kuma babu albashin da zai ɗauki wannan. In ka ce za ka biya wa kowa za ka talauce ka fara neman na haram, in ka gudu ka tare a babban birnin jiha ka canza layi to ka gama siyasa. Mafita ita ce tsari. Ka buɗe ofis a mazaɓa da mutum mai haƙuri da rajista, ka sa ranar da kake zama da kanka kowane mako ko biyu kuma ka riƙe ranar, ka zaɓi abu ɗaya ko biyu da za a san ka da su, misali kuɗin jarrabawar ɗalibai ko gyaran rijiyoyin burtsatse, ka yi su a bayyane da adalci tsakanin gundumomi har da waɗanda ba su zaɓe ka ba. Wanda ba za ka iya yi wa ba ka gaya masa gaskiya da bakinka, ya fi ka ce ya dawo gobe sau goma. Kuma ka ɗaga waya, ko ba ka da abin bayarwa.

Abu uku na iya raba ka da kujerar kafin shekara huɗu. Sauya sheƙa ba tare da jam'iyyarka ta rabu gida biyu ko ta yi haɗaka da wata ba, sashe na 109 ya ce kujerar ta faɗi, duk da dai sau da yawa sai in kakaki ba ya tare da kai ake tuna sashen. Sai fashin zama ba dalili har ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kwanakin da majalisa ta zauna a shekara. Sai kiranye, wanda ke buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓarka kafin INEC ta tantance ta yi ƙuri'ar raba gardama, abu ne mai wuyar gaske amma ko fara shi aka yi ya isa ya hana ka barci ya kuma cinye maka kuɗi.

Shekara ta uku ita ce ta yanke shawara, tazarce ko gaba ko gida. Ɗan majalisa ba shi da iyakar wa'adi, Mudashiru Obasa tun 2003 yake wakiltar Agege a majalisar Legas, kuma daɗewa na da amfani don yawanci tsofaffin zuwa ake ba kakaki da shugaban masu rinjaye da bulaliya. Daga kujerar kakaki kuma hanya na buɗewa, Simon Lalong kakakin majalisar Filato ne kafin ya zama gwamna a 2015, Ahmadu Fintiri kuma yana kakaki a Adamawa aka tsige Murtala Nyako a 2014 mataimakinsa ya yi murabus, ya riƙe jihar na ɗan lokaci, a 2019 ya dawo ya ci zaɓen gwamnan da kansa. Amma kafin ka ɗaga kai zuwa majalisar tarayya ka zauna da ciyamomin gundumominka ɗaya bayan ɗaya, kai da su kawai ba tare da 'yan rakiya ba, ka tambaye su in yau za a yi fidda gwani daliget nawa ne naka, ka rage kashi ɗaya cikin uku na abin da suka faɗa. In lissafin bai kai ba a kujerar da kake kai, to ta tarayya mai ƙananan hukumomi biyu ko uku ba za ta kai ba, gara ka koma ka gyara gida. Sana'arka ta asali kuma, gona ce ko shago ko kiwo, ka bar ta a hannun amintacce tana tafiya tun daga ranar rantsuwa, sannan ka ajiye kwafin fom ɗin kadarorin da ka cike da farko, don a ƙarshen wa'adi za ka sake cike wani kuma za a haɗa su biyun a duba.